Tambayoyi da Amsoshi Kan Raya Arzikin Ƙananan Hukumomin Karkara a Jihar Kano

Da wuya ka sami gari a jihar Kano da ba shi da ƙungiyar 'ya'yansa mazauna birni. Wasu a ajin firamare suke haɗuwa ranar Lahadin ƙarshen wata, wasu a ƙofar gidan dattijon da ya fi kowa daɗewa a Fagge ko Kurna, wasu kuwa yanzu WhatsApp ne zaurensu. Na yi shekaru ina riƙe wa irin wannan ƙungiya littafi, kafin nan kuma na yi aiki a sashen tsare-tsare na wata ƙaramar hukuma har na ajiye. Tambayoyin nan su ne aka fi tare ni da su, a wurin taro, ko a bakin masallaci, ko ta waya. Wasu na bar su yadda aka yi mini su.

Malam, mu da muke birni, ina ruwanmu da tsara ci gaban ƙauye? Ba aikin gwamnati ba ne?

Aikinta ne, kuma ba wanda ya ce a sauke mata shi. Amma jihar Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, takwas ne kawai ake lissafawa a ƙwaryar birni: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso. Sauran 36 ɗin duk layi ɗaya suke bi wajen neman titi, ruwa da wuta. A irin wannan layi, wanda ya zo da takarda a hannu, ya san abin da yake so da inda yake so a yi shi, shi ake fara saurara. Mutanen gida sun san inda ɗaki ke yoyo, ku kuma kun san ƙofar ma'aikata da farashin kaya a Dawanau. In ba ku haɗa biyun ba, wani zai zauna a ofis ya zaɓa muku aiki, kuma abin da ya fi sauƙin bayar da kwangila zai zaɓa.

To daga ina za mu fara?

Daga kasuwar garinku, ranar da take ci. Ban ce ku fara da taro ba.

Ku tura mutum biyu su wuni a bakin tasha da littafi. Su rubuta abin da aka loda aka fita da shi: buhu nawa, na mene ne, wa ya saya, ina za a kai. Su rubuta abin da aka sauke. Su yi haka a kaka, su sake a tsakiyar rani, su ƙara a bazara lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Sannan wani daga cikinku da ke birni ya bi kayan nan zuwa inda suka tsaya, Dawanau in hatsi ne ko riɗi, Yankaba in kayan gwari ne, ya ji nawa aka sayar.

Abin da za ku gani ba zai yi muku daɗi ba. Za ku ga gyaɗa ta fita a ɓare, man gyaɗa ya dawo a jarka. Za ku ga shanshera ta fita a kaka da arha, shinkafa ta dawo a bazara da tsada, wani lokaci ma a motar da ta kai ta. Za ku ga manomi ya sayar da masara tun tana gona domin bikin 'ya ko kuɗin asibiti, ya dawo watan Yuli yana awo da kwano. Tsakanin farashin da aka saya a garinku da wanda aka sayar a birni akwai kuɗin mota, la'adar dillali, kuɗin shingen hanya, asarar ƙwari, da ribar wanda yake da haƙurin jira. Wannan tazarar ita ce arzikin da kuke nema. Yana nan, hannun wasu yake zuwa. Duk tsarin da zai yi aiki, dabara ce ta yadda wani yanki na wannan kuɗi zai kwana a gari.

Bayan wannan sai ku ƙirga abin da kuke da shi: fadama, rafi, kududdufin da ba ya ƙafewa, injin niƙa nawa, masu walda nawa, wace hanya ce ke yankewa da damina kuma kwana nawa take yi a yanke. Dagaci da masu unguwanni sun san rabin amsoshin nan a ka. Ku je musu da kanku, zuwa da kai ya fi aike.

Akwai abu guda da zai dace da kowace ƙaramar hukuma?

Babu. Kano ba ƙasa ɗaya ba ce ta fuskar noma. Kudu, wajen Doguwa da Tudun Wada, ruwan sama ya fi yawa, damina ta fi tsawo, shi ya sa masara ta zauna a can, ga rake da citta da dankali a wasu wurare, ga kuma ma'adinai a Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. Arewa, wajen Ɗambatta, Makoɗa da Kunci, ƙasa jigawa ce, ruwa kaɗan, gero da wake da gyaɗa da riɗi da kiwo su ne abin dogaro. Kura, Bunkure da Garun Malam sun zama abin da suka zama ne saboda ruwan Tiga. Wudil na da karar shanu ta ranar Juma'a, Ɗambatta na da tata ta Lahadi. Dawakin Tofa kuwa ita ke ɗauke da Dawanau, wadda ake kira babbar kasuwar hatsi ta Afirka ta Yamma.

Waɗanda ke gefen birni, irin su Gezawa, Minjibir, Dawakin Kudu da Madobi, wata dama ce daban gare su: bakin da za su ciyar yana kusa. Ƙwai, kaji, nono, alayyafo, kifi, bulo da yashi, duk abin da birni ke buƙata kullum safiya. Matsalarsu kuma ita ce birnin da kansa, domin yana cinye gonaki yana mai da su fuloti.

Na sha ganin ƙungiya ta ji an yi nasara da wani abu a Kura ta ce ita ma shi za ta yi, alhali garinta ko rijiya sai an yi gaba da yawa kafin a tadda ruwa.

Muna kusa da dam. Noman rani ba shi ne mafita ba?

Babbar dama ce, kuma gado ne da aka bar mana. Marigayi Audu Baƙo, gwamnan Kano na farko daga 1967 zuwa 1975, shi ya sa harsashin madatsun ruwan jihar nan. An kammala Tiga a 1974, Challawa da ke Ƙaraye a 1992. Ga Watari a Bagwai, ga Tomas a yankin Ɗambatta, ga Bagauda da Kafin Ciri. Aikin ban-ruwa na Kadawa, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi, shi ya sa manomin Kura ke girbi sau biyu ko uku a shekara.

Amma ruwa kaɗai ba ya biyan bashi. Ku dubi tumatir. Kowa lokaci guda yake dasawa, saboda haka lokaci guda yake nuna. Wajen Fabrairu da Maris, in ka je Kwanar Gafan, kwanduna ne iya ganinka, kuma akwai ranakun da kuɗin kwandon da na mota suke fin kuɗin tumatirin da ke ciki. Ba ya jira. Kwana biyu a rana ya zama ruwa. Sannan ga tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta share gonaki a 2016. A shekarar ne aka buɗe kamfanin tumatir na Ɗangote a Kadawa, mai iya markaɗa tan 1,200 a rana, amma ya sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir. In kasuwa ta yi kyau, manomi Legas yake kai kayansa, in ta faɗi ne yake tuna kamfani. Ba laifinsa ba ne, lissafi ne. In mai wannan ƙarfi ya sha wahalar haɗa kan gona da inji, ku da kuɗin karo-karo sai ku yi hattara.

Abin da ƙungiya za ta iya shi ne ƙananan abubuwa masu nauyi: rarraba lokacin dashe tsakanin manoma don kada kaya su faɗo rana ɗaya, sayen akwatunan roba a riƙa ba da haya maimakon kwando, gina dandamalin siminti na shanya kauɗa don kada ta haɗu da ƙasa, da gayyar yashe magudanan ruwa kafin ciyawar kacala ta toshe su. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, injin ban-ruwa mai shan fetur ya zama abokin rabon amfanin gona. Injin sola yana da tsada a ranar saye, amma daga nan rana ce ke biya. Manoma biyar masu maƙwabtaka da juna za su iya haɗa kuɗin guda, in sun yarda da juna kan ranar kowa.

Mun tara kuɗi, wasunmu na so a sayi tarakta. Me ka gani?

Mun taɓa yi, bari in ba ku labari. Muka sayi tsohuwa, aka yi mata fenti, aka kai ta gida da kiɗa. Shekarar farko kowa ya ce shi ɗan ƙungiya ne, ba zai biya kuɗin huɗa ba sai kaka. Kaka ta zo, rabin mutane suka manta. Shekara ta biyu wani ƙarfe ya karye a tsakiyar Yuni, aka yi mako uku ana nemansa daga Ƙofar Ruwa har Kaduna, kafin a samu lokacin huɗa ya wuce. Yau tana ƙarƙashin darbejiya, kaji na ƙwai a inda direba ke zama.

Ba taraktar ce ta yi laifi ba. Mun lissafa kuɗin saye, ba mu lissafa na riƙo ba. Kafin ku sayi kowane inji, ku amsa tambaya huɗu a rubuce: wa zai tuƙa, wa zai gyara, ina ake samun kayan gyaransa, kuma wa zai iya duban idon kawunsa ya ce sai ya biya kafin a shiga gonarsa. Ga kuma gonakinmu da rabon gado ya yayyanka, wasu ko juyawa babbar tarakta ba za ta yi a ciki ba. Ƙaramin injin huɗa na turawa da hannu, ko ma garmar shanu biyu, sau da yawa ya fi dacewa.

Idan ba tarakta ba, injin sarrafa amfanin gona fa?

Nan na fi karkata, amma a fara da ƙarami. Kura ba da babban kamfani ta zama garin shinkafa ba. Ƙananan injinan casa ne, da matan da ke turara shanshera a gida, da 'yan kasuwar da suka san inda za su kai. Inda ake gyaɗa, injin matsar mai yana barin mai da tunkuza da ƙuli-ƙuli duk a gari. Inda ake riɗi da zoɓo, tacewa da tsincewa kawai na ƙara wa buhu daraja, domin masu fitar da shi waje ba sa biyan kuɗin tsakuwa.

Abin da zai kayar da ku shi ne wuta. Kada ku dogara da layin da ke zuwa garin sai kun zauna wata guda kun ƙirga awa nawa ake samu. In za ku sa kaya a leda ku kai shagunan birni, kuna buƙatar lambar NAFDAC, kuma za su zo su ga ɗakin da ake aikin.

Ajiye hatsi har ya yi tsada, ba ɓoye abinci ba ne? Ni ina jin tsoron Allah.

Tambaya ce mai kyau, Alhaji, kuma ka kai ta wajen malamin da ka amince da shi. Abin da zan ce ta ɓangarena shi ne, akwai bambanci tsakanin attajirin da zai kwashe kasuwa ya kulle sito yana jiran mutane su galabaita, da manomin da aka taimaka masa kada ya rabu da guminsa ranar da ya fi arha. Rumbun gari da nake nufi shi ne: manomi ya kawo buhunsa a kaka, a auna, a ba shi rasit da wani kaso na kuɗin don ya biya buƙatarsa, a bazara a sayar a cire abin da aka ba shi da kuɗin ajiya, sauran nasa ne. Wani kason ma a ware don sayar wa mutanen gari da sauƙi a lokacin da abinci ya yi wuya.

Sai dai a kula da yadda ake ajiyar. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Waken da Bature ya ƙi, mu muke cinye shi. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS yana kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba sai an zuba komai ba, muddin hatsin ya bushe sosai kuma an ɗaure kowace leda daban. Zoɓo ma Meziko, wadda ke cikin manyan masu sayensa, ta taɓa dakatar da karɓa na wasu shekaru saboda ƙwari.

Wai nawa ne ƙaramar hukuma take samu, kuma ina kuɗin ke zuwa?

A tsarin rabon arzikin ƙasa, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60. Abin da kowace ta samu a wata ana wallafa shi, duk mai waya zai iya dubawa. Shekara da shekaru kuɗin na biyowa ne ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, sai dai aiwatarwar ta yi ta tafiyar hawainiya.

Ko an turo kai tsaye, kada ku zaci duka na aiki ne. Albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da na sakatariya ke cinye kaso mafi tsoka. Abin da ya saura shi ake rububi a kai.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne ikon da tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, ƙananan hanyoyi da magudanai, duk a hannunta suke. Waɗannan kuwa su ne jijiyar arzikin ƙauye. Kasuwar da ake karɓar kuɗin rumfa kowane mako amma ba ta da banɗaki, ba wurin lodi, ba ruwa, wannan magana ce da za ku iya kai wa ciyaman gobe da safe.

Yaya ake shigar da aiki cikin kasafin kuɗi?

Da wuri, kuma a rubuce. Gwamna kan kai kasafi majalisa a watannin ƙarshen shekara, ma'aikatu kuwa tun kafin nan suka gama haɗa nasu. Wanda ya zo a Janairu da buƙata, sai dai a yi masa addu'a. Ku kai takardarku tun tsakiyar shekara: kwafi ga kansilan mazaɓa, ga ciyaman, ga ɗan majalisar jiha, ga ma'aikatar da abin ya shafa, kuma hakimi ya san da ita. A buga muku hatimin karɓa a naku kwafin.

Kada takardar ta wuce shafi biyu, kada buƙatun su wuce uku. "Muna roƙon a kawo mana ci gaba" ba buƙata ba ce. "Kwalbati a rafin da ke tsakanin ƙauye kaza da kasuwa, wanda ke hana mota wucewa daga Yuli zuwa Satumba, ƙauyuka shida ke bi ta nan," wannan ita ce buƙata. Akwai kuma shirye-shiryen da ba ta kasafin ƙaramar hukuma suke bi ba, kamar RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwanni, da KSADP na noma da kiwo wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya tallafa, da malaman gona na KNARDA, hukumar raya aikin gona da karkara ta jihar Kano. Irin waɗannan da ƙungiya mai rajista da asusun banki suke hulɗa.

Batun fili fa? Dagaci ya nuna mana wuri, ya isa?

Bai isa ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallaka ta gargajiya a filin da ba na birni ba, har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo, abin da ya haura nan sai da yardar gwamna. Ku nemi wannan takarda da sunan ƙungiya, ba da sunan shugabanta ba. In gonar gado ce, kowane magaji ya sa hannu, har da mata, har da wanda ke Legas. Rigimar fili ba ta tashi sai gini ya kai linta.

Ba ma son bashi mai ruwa. Ina za mu sami jari?

Jarin farko naku ne. Misali, mutum 200 in kowa ya ba da naira 5,000 a wata, miliyan 1 ke nan, miliyan 12 a shekara. Ba za ta yi titi ba, amma za ta yi rumbu da dandamali. Adashi ma da muke rainawa ya kafa shaguna da yawa a kasuwar Kantin Kwari.

Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. Su sukan sayi injin ne su sayar muku da riba sananniya, ku biya a hankali. Za su nemi ganin littafinku, saboda haka ku fara rubutu tun yau.

Sai gargaɗi ɗaya. Shirin bashin manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kabi a Nuwamban 2015 ya sa an noma shinkafa sosai, amma da yawa sun ɗauke shi rabonsu na arzikin ƙasa, ba su biya ba. Garin da ya yi suna da haka, ƙofar ta rufe wa har waɗanda ba su ci ba.

Ni mace ce, kuma a taronku maza ne ke magana. Ina gurbinmu?

Gaskiyarki, Hajiya, kuma kunya ce gare mu. In aka bi littafin tashar nan da na ambata, za a tarar kusan duk abin da aka sarrafa kafin ya fita, daga cikin gida ya fito: man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, daddawa, turaren shinkafa, fura, awara, tumakin da ake turkewa don babbar salla. Masana'antar ƙauye tana nan, a bayan katanga take. Abin da ke tauye ta shi ne jari ƙanƙane da sayen kaya da tiya maimakon buhu, sai kuma yaron da ake aika kasuwa wanda ba ya iya ciniki.

Kada ku jira a ba ku kujera a taron maza. Ku yi naku da matan gida, ku yi rajistar ƙungiyar gama-kai, ku da ke birni ku zama kasuwarsu: ku kuka san makarantun kwana da gidajen abinci da masu shagon da ke sayen mai da jarka. In an zo rabon kuɗin ƙungiya, ku nemi a rubuta kasonku da lamba, ba da "za a duba" ba.

Rikicin manoma da makiyaya yana cikin tsarin tattalin arziki?

Ƙwarai. Garin da ake faɗa duk kaka ba mai kai jarinsa. Yawancin rigimar daga burtali da mashaya take tasowa: an nome hanyar shanu, ko an zagaye tafki da albasa. A zauna da arɗo da dagaci tun kafin shuka, a bi burtalin da ƙafa, a kafa alama. Sannan a tuna cewa Bafulatani abokin ciniki ne. Yana sayen harawa da kara da dusa, yana barin taki a gona, matarsa na da nonon da kamfanonin yogot na birni ke nema, in da wurin tarawa mai sanyi da za a kai shi kafin rana ta ɗaga.

Matasanmu duk sun gudo birni suna tuƙa A-daidaita-sahu. Yaya za mu mai da su?

Ba za ku mai da su da wa'azi ba. Ci-rani ba yau aka fara ba, kakanninmu ma sun yi. Yaro zai zauna in abin da zai samu a gida ya kusa abin da yake samu a titin Zariya. Kuma a daina koya wa mutum 50 ɗinki a garin da tela uku suka ishe shi, a ƙarshe a ga kekunan a kasuwa. Ku duba abin da ake ɗauko mutum daga birni ya yi: gyaran injin ban-ruwa, haɗa sola, allurar dabbobi, feshi bisa ƙa'ida, gyaran famfon burtsatse. Kwalejin Noma ta Audu Baƙo tana Ɗambatta, jami'ar kimiyya da fasaha tana Wudil, ba sai an je nesa ba.

Wasu na cewa a fara da gina ƙofar gari da ɗakin taro, don a san mun yi wani abu.

Na san daɗin ganin sunan gari a saman ƙofa. Amma ban taɓa ganin buhun da ya ƙara daraja don ya wuce ta ƙarƙashinta ba. Ku bar ta sai rumbu ya fara kawo riba, a gina ta da ribar.

Yaya za mu kare ƙungiya daga siyasa da cin amana?

Ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku buɗe asusu da sa hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu mazaunin gida. Kada a karɓi kuɗi a hannu. Kowane wata a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, a kuma tura hoton takardar banki kowa ya gani. Wanda ya ji haushin an tambaye shi rasit, ba shi ya kamata ya riƙe jaka ba, ko da limami ne ya kawo shi.

Ɗan siyasa in ya kawo gudummawa a karɓa, a yi godiya, a rubuta. Amma duk mai riƙe da muƙami a ƙungiya da ya fito takara, ya sauka tukuna. A Kano mun ga yadda launin hula ke raba 'yan uwa ɗaya, kuma in gwamnati ta sauya, aikin da aka liƙa wa hoton wani yakan zama maraya.

Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi zai amfane mu?

Zai amfani wanda yake da kayan lodawa da hanyar kai su tasha. Jirgi ya iso Kano a 1911, kuma shi ya haifi dalar gyaɗa, amma waɗanda suka ci moriyarsa su ne irin su Alhassan Ɗantata da suka riga suka san yadda ake tara kaya daga ƙauyuka. Sabon layin ta Ɗambatta da Kazaure da Daura ya bi. In kuna wannan yanki, ku sa ido kan inda tasha za ta zauna, kuma ku ja kunnen 'yan uwa kada su yi gaggawar sayar da gonakin kusa da ita.

Wane lokaci ya fi dacewa a fara?

Kalandar gona za ku bi, ba ta ofis ba. In taki ko iri za ku taimaka da shi, ya isa gari kafin ƙarshen Mayu, a kudu ma tun Afrilu. Takin da ya zo a Agusta, kasuwa zai koma. Kwalbati da gyaran hanya aikin rani ne, daga Disamba zuwa Maris, lokacin da rafi ya ƙafe kuma matasa ba su da aikin gona. In rumbu ne, a gama shi da buhunansa da ma'auninsa kafin Oktoba. Masu alkama kuwa su shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba domin ta sami hunturu, saboda haka duk abin da ya shafi injin ban-ruwa a kammala shi tun ana girbin shinkafar damina. Babban taron da za a haɗa na birni da na gida, a sa shi washegarin salla, ranar da kowa ke gari ba sai an biya wa kowa kuɗin mota ba.